Bakin Majiyyaci Shi Ne Ma'aunin Ciwo

 An ba mu wannan sa'a mu yi magana a kan aikin jiyya. Labarin gine-gine da na mutanen da suka soma aikin, waɗansu sun riga sun ba da shi, sun kuwa fi mu saninsa. Mu abin da muka ɗauka ƙarami ne a ido, watau tambayan nan da a kan yi wa kowane majiyyaci da zarar ya zauna gaban likita: "Ina ke ciwo? Yaya ya ke yi maka?" Mu masu bishara an sha kiranmu mu yi tafinta tsakanin likita baƙo da mutanenmu, don haka kunnenmu ya ji amsa iri iri. Wadda ta fi yawa kuwa kun san ta, gama kowa a nan ya taɓa ba da ita: "Da sauƙi."

Wannan amsa ba ta da laifi a wurinta. In ka tafi gaida maƙwabcinka yana kwance, ka ce masa, "Yaya jiki?" lalle zai ce, "Da sauƙi," ko da numfashi da ƙyar ya ke yi. Haka iyayenmu suka koya mana, ladabi ne, kuma yana kwantar da hankalin mai gaisuwa. Amma fa likita ba gaisuwa ya ke yi ba. Labari ya ke nema, kuma da labarin nan zai zaɓi magani, ko ya ce a shirya ɗakin fiɗa, ko ya ce ka koma gida.

Ku dubi kayan da ke kan teburinsa. Ga ma'aunin zafin jiki. In an sa shi a hammata ya nuna wajen 37, lafiya, in ya nuna 39 ko 40, zazzaɓi ne, ko majiyyaci ya yarda ko ya ƙi. Ga abin da a ke ɗaura wa mutum a dantse a auna ƙarfin jini. Ga madubi mai nuna ƙwayoyin zazzaɓin sauro cikin ɗigon jini guda. Ga hoto mai nuna karayar ƙashi ta cikin nama. Duk cikin kayan nan babu ko ɗaya da za a sa wa mutum ya nuna yawan ciwon da ya ke ji. Ba asibitocinmu kaɗai suka rasa shi ba. Ko a Faransa, ko a Ingila, babu shi.

Ba don ba a nema ba. Tun 1940 waɗansu masana uku na Jami'ar Cornell ta Amurka, James Hardy da Harold Wolff da Helen Goodell, suka ƙera wata na'ura domin wannan. Su kan shafa wa mutum baƙin tawada a goshi, su tara hasken fitila mai ƙarfi a wurin har sakan 3, suna ƙara zafin kaɗan kaɗan sai ya ce ya ji ciwo. Suka raɗa wa awonsu suna "dol", daga kalmar Latin ta ciwo, suka ce daga farkon ciwo zuwa iyakarsa dol goma ne da rabi. Har mata masu naƙuda aka gwada wa, aka buga labarin a 1949: in naƙuda ta ɗan lafa sai a haska musu zafi a bayan hannu, a tambaye su ko ya kai na naƙudar, har fatar wata ta ƙone. Daga baya waɗansu likitoci suka gwada na'urar, lissafinsu bai zo ɗaya da na masu ita ba, sai aka jingine ta. Ku lura kuma da abu guda: duk da fitila da tawada da lissafi, sai da aka jira mutumin ya buɗe baki ya ce, "Na ji."

Wani zai ce, to, ai likita yana da ido, ya dubi girman rauni ya san girman ciwo. Wannan ma an gwada, bai tsaya ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya yi aiki a Italiya, har da bakin tekun Anzio inda aka yi mummunan faɗa a 1944. Ya tambayi sojoji 215 masu manyan raunuka, masu karayar ƙashi da waɗanda aka harba a ƙirji da ciki, ko suna son allurar kashe ciwo. Wajen kashi uku cikin huɗu suka ce ba su bukata. Ya buga wannan a 1946. Da ya koma gida ya tambayi mutanen gari da aka yi wa fiɗa, waɗanda rauninsu bai kai na sojan ba, sai ya tarar yawancinsu suna roƙon allura. Abin da ya gane shi ne, ga soja rauni ya zama hanyar fita daga bakin mutuwa, ga mutumin gari kuwa masifa ce ta faɗo masa yana zaman lafiya. Ashe tsoro yana ƙara ciwo, haka nan kaɗaici da rashin barci da tunanin kuɗin magani. Mutum biyu da rauni iri ɗaya, ɗaya yana nishi, ɗaya yana hira, kuma ba mai ƙarya cikinsu.

Saboda haka a 1968 wata malamar jiyya ta Amurka, Margo McCaffery, ta kafa ƙa'idar da a ke koya wa ɗaliban jiyya har wa yau, watau a kan maganar mai ciwo za a tsaya game da ciwonsa, ba a kan zaton mai kallo ba. To, jama'a, in bakin majiyyaci ne kaɗai ma'auni, ku duba abin da mu ke yi wa likita sa'ad da ma'aunin ya ce "da sauƙi" kullum. Da a ce ma'aunin zafin jiki ne ya tsaya a 37 ga kowa, mai lafiya da mai sanƙarau, da tuni an jefa shi a shara.

Abu na fari da likita ke so shi ne wuri. Da yawa su kan ce, "Duk jikina," su shafa hannu daga kai har gwiwa. Ka nuna da yatsa guda inda ya fi, ka kuma faɗi inda ya soma, gama ciwo ya kan yi tafiya, tafiyarsa kuwa labari ce. Akwai wani ɗan wutsiyar hanji da likitoci ke kira afendis. In ya kumbura, ciwon ya kan soma a wajen cibiya, bayan waɗansu sa'o'i ya sauka ya zauna a gefen dama na mara. Likitan da ya ji wannan tafiya ya riga ya yi rabin bincikensa. Tsakuwar ƙoda ta kan soma daga kwiɓi ta gangaro matsematsi, tana zuwa tana lafawa, mai ita ba ya iya kwanciya wuri ɗaya. Ciwon zuciya sau da yawa ba suka ba ne, nauyi ne, kamar an ɗora wa mutum dutse a ƙirji, yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi. Mace kuwa da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwo mai ƙarfi a gefe ɗaya na mara, da jiri, wani lokaci har da ciwo a kan kafaɗa, watakila ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini yana zuba ta ciki. Wannan ba ta da kwana na jira. In ta ce "ciwon ciki" kawai, ta ɓoye maganar ɓatan wata don kunya, an iya ba ta maganin tsutsa ta koma gida.

Na biyu, irin ciwon. A nan mu Hausawa ba mu da hujjar yin shiru, gama harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fanni. A Jami'ar McGill ta birnin Montreal, ƙasar Kanada, wani masani, Ronald Melzack, ya yi shekaru yana tattara kalmomin da majiyyata ke faɗi. A 1975 ya fito da takardar tambaya mai kalmomi 78, ya kasa su rukuni 20, waɗansu na yadda ciwo ke yi a jiki, waɗansu na yadda ya ke taɓa zuciya, kamar gajiya da tsoro. An juya takardar cikin harsuna masu yawa. Mu kuwa tun kaka da kakanni muna da namu. Muna da zogi, irin na maruru da haƙori, wanda ke bugawa tare da bugun jini. Sau da yawa yana nuna mugunya ta taru tana neman ƙofa. Muna da raɗaɗi, irin na ƙuna da harbin kunama. Muna da suka, irin wanda ke kama haƙarƙari in mutum ya ja numfashi, likita ya ji shi sai ya sa kunne ga huhu. Ciki yana murɗawa, ya saki, ya sake murɗawa, wannan na hanji ne. Kai yana sara. In kuwa saran ya zo da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, haske yana damun ido, musamman da bazara, kowa a ƙasan nan ya san sunan cutar. Gaɓoɓi su kan yi tsami. Ƙafa ta kan sage. Wani kuma ya ce tafin ƙafarsa yana zafi da dare kamar ya taka garwashi, ko yana jin kamar minjirya ta taɓa shi. Wannan na ƙarshe ciwon jijiya ne, irin wanda masu ciwon sukari su kan yi, farasitamol bai cika taɓa shi ba, maganinsa dabam ne. Duk waɗannan kalmomi muna da su a gida, muna faɗa wa juna a gindin bishiya, amma da mun shiga ɗakin likita sai su gudu, a bar mu da "ciwo" kawai.

Na uku, tun yaushe, kuma me ke ƙara shi, me ke rage shi. Gyambon ciki ya kan tashi da yunwa ko da tsakar dare. Amma misalin da ya fi damunmu shi ne zazzaɓin taifot. Yaro ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, sa'an nan rana ɗaya ciwon ciki ya sake kama, ya yi tsanani farat ɗaya, ciki ya taurare kamar katako. Sau da yawa hanji ne ya huje, sai fiɗa, kuma kowace sa'a da ta wuce tana rage masa rabo. Uwar da ta ce, "Ya daɗe ba shi da lafiya," ta faɗi gaskiya, amma wadda ta ce, "Jiya da la'asar ciwon ya canja," ita ce ta ba likita abin da ya ke bukata.

Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita mutanenmu, watau yawan ciwon. Yanzu a asibitoci da yawa malamin jiyya ya kan ce, "In sifiri babu ciwo ke nan, goma kuwa ciwo ne wanda ba ka iya tunanin abin da ya fi shi, naka nawa ne?" Tsoho ya dube shi, ya dube mu, ya ce, "Ɗana, ai kai ne ka yi karatu, kai za ka faɗa." Ba rashin sanin lissafi ba ne, mutumin nan ya san mudu nawa ke cikin buhu, ba a cutarsa a kasuwa. Sa wa abin da a ke ji lamba shi ne baƙon abu. Bari mu bayyana. Ba jarrabawa ba ce, babu amsar da za a ce ka faɗi. Yawancin asibitoci su kan ɗauki 1 zuwa 3 ciwo kaɗan, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. Kuma ba a gwada lambarka da ta mai gadon kusa da kai. Macen da ta haifi 'ya'ya takwas, gomarta dabam da ta saurayin da bai taɓa jin abin da ya fi ƙaya ba. Amfanin lambar shi ne a gwada ka da kanka: da safe ka ce takwas, aka yi maka allura, da azahar ka ce huɗu, an san magani ya yi aiki, in har yanzu takwas ne, a sake shawara. Masana sun lura in lamba ta sauka da 2, ko da wajen kashi ɗaya cikin uku, majiyyaci ya kan ji bambanci na gaske.

Wanda lamba ba ta shige shi ba, akwai waɗansu hanyoyi. A ƙasashen Gabashin Afirka masu jiyyar masu ciwon daji su kan yi amfani da hannu: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa biyar iyakar ciwo. Sun gwada har da zanen jarka, majiyyaci ya nuna ko ciwon ya kai rabin jarka ko ya cika ta. Akwai kuma zanen fuskoki shida wanda Donna Wong da Connie Baker suka shirya domin yara a Amurka cikin shekarun 1980, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye. A ganinmu wannan zane yana da cikas ga mutanenmu. Magidancin da ba ya kuka ba zai taɓa nuna fuska mai hawaye ba, ko da hanjinsa na tsinkewa, sai ya ce, "Ni ba na kuka." Akwai wani zanen da aka gyara a 2001, shi ma fuska shida, babu murmushi babu hawaye, shi ya fi dacewa. In duk waɗannan sun gagara, ka faɗi abin da ciwon ya hana ka. "Kwana uku ban runtsa ba." "Ba na iya riƙe hauya." "Na kasa daka, na kasa zuwa rijiya." Likita nagari ya fi son irin wannan magana da lamba ma.

Me ya sa a ke matsa wa mutum da tambayan nan? Domin magani hawa hawa ne. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsani mai mataki uku, da fari domin masu ciwon daji: mataki na ɗaya irin su farasitamol da asfirin, na biyu irin su kodin, na uku morfin. Bakin majiyyaci ne ke nuna matakin da za a taka. A ƙasashenmu morfin ba shi da yawa, ba kuwa za a buɗe akwatinsa domin wanda ya ce da sauƙi ba. Kada kuma ku ce jimre wa ciwo ba ya ɓata kome. Wanda aka yi wa fiɗa a ciki, in ciwo ya hana shi tari da jan numfashi sosai, majina ta kan taru a huhu ta zama wata cuta sabuwa. In ya hana shi tashi ya taka, kwanansa a asibiti ya kan ƙaru, da kuɗin da 'yan'uwa ke biya.

Mun san inda shirun nan ya fito. Tun ranar kaciya a ke gaya wa yaro kada ya yi raki. 'Yan'uwanmu Fulani suna da sharo, saurayi ya sha bulala bai motsa ba. Yarinya mai cikin fari kuwa an koya mata ta danne naƙuda, kada a ji muryarta, kada ta kunyata gidansu. Ba mu zo mu zagi dauriya ba. Mutanen da suka rayu cikin fari da yunwa ba za su rayu ba in ba ta. Amma ku tuna da 'yan matan da suka yi kwana biyu, kwana uku, suna naƙuda shiru a ɗaka, kan jariri ya tokare, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har naman ya mutu. Jariri ya tafi, uwa ta tashi da yoyon fitsari. A Danja, kusa da Maraɗi, tun 2012 akwai asibiti musamman domin gyaran wannan. Naƙudar da ta wuce yini da kwana ba ta bukatar dauriya, mota ta ke bukata.

Akwai kuma wata damuwa ta mu masu bi. Waɗansu 'yan'uwa suna tsammani in sun ce ciwo ya yi tsanani, sun yi gunaguni ke nan, ko bangaskiyarsu ta gaza. Mu ba mu ga haka ba. Ayuba, wanda Kirista da Musulmi duka ke misali da haƙurinsa, bai ɓoye wa abokansa halin da jikinsa ke ciki ba. Ya faɗi na fata, ya faɗi na ƙashi, ya faɗi na rashin barci. Gunaguni dabam, ba da labari dabam. Wanda ya ce wa likita biyu alhali takwas ya ke ji, bai ƙara wa bangaskiyarsa kome ba, shaida ce kawai ya bayar wadda ba daidai ba a kan jikinsa.

Wanda ya ke so ya san darajar jin ciwo, ya tambayi masu jiyyar kuturta, irin aikin da aka soma a Danja ɗin nan a 1956. Dā an ɗauka cutar ce ke cinye yatsu da kanta. Likita Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya nuna ba haka ba ne. Cutar jijiyoyi ta ke kashewa, hannu da ƙafa su daina ji. Mutum ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba, ya yini da ƙusa cikin takalmi bai sani ba, rauni bisa rauni har yatsa ya ƙare. Har ya gano ɓeraye na cin yatsun waɗansu da dare suna barci, ya sa a riƙa ba su kyanwa su tafi da ita gida. Waɗannan ba su da abin da za su faɗa wa likita, gama ɗan aiken ya mutu. Amma tun kafin jijiya ta mutu, ta kan yi kuka: mai cutar ya ji zafi ko suka a wajen gwiwar hannu, ko bayan gwiwar ƙafa, yatsu su soma sagewa. In ya faɗa da wuri, akwai ƙwayar da ke kwantar da kumburin jijiya, hannu ya tsira. In ya daure wata da watanni, ya daure wa hannunsa ke nan har ya shanye.

Kada kuma a koma ɗaya gefen. Akwai masu cewa goma don a duba su da sauri, ko don su sami allura, gama a wurin waɗansu in ba a yi allura ba ba a yi magani ba. Wannan ma ɓata ma'auni ne, yana iya jawo wa mutum magani mai ƙarfi wanda jikinsa bai bukata ba. Amurka ta ga ƙarshen wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1990 likitocin ciwo na ƙasar suka ce a riƙa tambayar lambar ciwo tare da awon zafin jiki da bugun zuciya da numfashi da ƙarfin jini, ta zama alama ta biyar. Niyyar mai kyau ce. Amma asibitoci da yawa suka koma bin lamba ido rufe, kamfanonin magani kuma suna tallar ƙwayoyi dangin morfin, irin su OxyContin wanda ya shiga kasuwa a 1996, suna cewa ba su cika kama mutum ba. Tsakanin 1999 da 2019 kusan mutum 500,000 suka mutu a ƙasar saboda shan magunguna na wannan dangi fiye da kima, na asibiti da na ɓoye. Ba lambar kaɗai ta jawo haka ba, amma ta sa hannu, har a 2016 babbar ƙungiyar likitocin ƙasar ta ba da shawara a daina ɗaukar ciwo alama ta biyar. Mu ma ba mu da bakin yi musu dariya. Ga tiramol nan a tire a tasha da kasuwa, samari masu kabu-kabu da masu aikin ƙarfi suna sha don gajiya har ya kama su, waɗansu na faɗuwa da farfaɗiya. In ka sha wani abu kafin ka zo asibiti, ƙwayar tasha ce ko jiƙon sauyoyi, ka faɗa, gama ya iya rufe ciwon da likita ke nema.

Ku kuma ma'aikatan asibiti, kuna da naku rabo. Fuskar da ba ta motsa ba, ba ta nuna babu ciwo. Yaro mai sikila wanda ya saba da ciwon ƙashi tun yana goye ya iya zama shiru ya ce tara, tara ɗin kuwa gaskiya ce. Kada a ce masa ya cika son allura. In kuka tambayi dattijo ya ce da sauƙi, ku karɓi gaisuwar, ku amsa, "Allah ya ƙara sauƙi," sa'an nan ku sake: "To, Baba, mun gama gaisuwa, yanzu tambayar aiki ce. Daren jiya ka yi barci?" Sau da yawa a tambaya ta biyu gaskiya ke fitowa. Jarirai kuwa ba su da baki. Har cikin shekarun 1980 akwai likitocin da ke tsammani jariri ba ya jin ciwo sosai, a kan yi masa fiɗa da maganin kashe ciwo kaɗan ko babu, sai da binciken K. J. S. Anand da abokan aikinsa, wanda aka buga a 1987, ya rushe wannan zato. Yanzu akwai awon da aka shirya a Jami'ar Michigan a 1997: a dubi fuskar yaro, da ƙafafunsa, da motsinsa, da kukansa, da ko yana rarrasuwa, a ba kowanne sifiri zuwa 2, jimla 10. Uwa ba ta san lissafin nan ba, amma ta san kukan yunwa dabam da na ciwo. Ku saurare ta.

Saura mu masu rakiya da masu tafinta, gama da wuya mutuminmu ya shiga ɗakin likita shi kaɗai. Miji ya kawo matarsa, a tambaye ta, shi ya amsa. Suruka ta kawo amarya, ta ce, "Ba kome ba ne, raki ne irin na 'yan yau." Maigida, ba a jikinka ciwon ya ke ba. In an zo tambayar mara da ta al'ada, ka fita ka tsaya a bakin ƙofa, a kira mace ta yi tafinta. Mu kuma da a ke kira mu juya magana, kada mu gajarta, kada mu gyara ta don ta yi kyaun ji. In tsohuwa ta ce kamar ana huda mata haƙarƙari da masilla duk sa'ad da ta ja numfashi, kada mu ce wa likita, "Ƙirjinta na ciwo." Mu kai masa masillar, da haƙarƙarin, da numfashin, yadda ta faɗa.